TAMBAYI ANTI: Hutu ya yi tsawo, aljihu ba nauyi, ina zan kai yarana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Yarana uku, babbar shekararta 7, mai bi mata 5, sai auta ɗan shekara 2 da rabi, tunda aka yi dogon hutun nan wlh sun hana ni sakat, daga faɗa sai kallon katun sai a buɗe firij a rufe, ga yaran maƙociyata an kai su Abuja sun dawo kullum sai sun ba su labari su shigo suna min kuka. Abbansu ya ce dubu 20 zai iya ba ni na duk hutun, kuma Allah ya sani ya ƙoƙarta. Ba mu da mota. Ina zan kai su mu je mu dawo a yini ɗaya kuɗin ya isa? Daga Maman yara uku, Sharaɗa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana su, ya ƙara wa Abbansu buɗi. Ki fara cire Abuja daga ranki, yaro ɗan shekara 5 ina ruwansa da sunan gari, shi dai a sa masa takalmin fita a hau adaidaita iska tana kaɗa shi, ya ga abin da bai taɓa gani ba ya dawo shi ma ya samu labarin da zai bayar, shikenan fa.

Kin san ina kuɗin fita yake zurarewa? Ba kuɗin get ba ne, shi wannan ɗan kaɗan ne a yawancin wuraren gwamnati. Kuɗin mota ne da kuma ƴan ciye-ciyen bakin ƙofa. Kina sauka mai balan-balan ya taso, mai askirim yana ta danna hon, mai hoto ya ce Hajiya a ɗauki yara, mai doki ya ce a ɗora su zagaye ɗaya, kowanne ki ga kamar ba komai ba ne amma ki ninka sau uku, kafin ki ga ko biri ɗaya rabin kuɗin ya tafi. To waɗannan biyun za ki toshe, in kin toshe su dubu 20 ɗin nan za ta yi miki fita uku ma ba ɗaya ba.

Na farko ki fara da na kusa da ke. Ke da kike Sharaɗa ai gidan zoo a bayan gidanki yake, adaidaita ɗaya ce ta sauke ku a Zoo Road. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka yi shi, farkon shekarun 1970, shi ya sa ma yake ɗauke da sunansa, kuma har yau ban ga wurin da ya kai shi ɗaukar hankalin ƙananan yara a garin nan ba. Zaki, kura, jimina, kada, birai, ga bishiyoyi da inuwa inda za ki shimfiɗa tabarma. Amma ki je ranar aiki, Talata ko Laraba, da safe misalin ƙarfe 9 ko 10. Kar ki kuskura ki bi ranar cunkoso. Ni na taɓa kwasar yara na kai su wani wurin wasa washegarin sallah, yarinyata ta saki hannuna cikin turmutsutsu, minti goma ɗin nan da na yi ina nemanta har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, ashe tana can gindin mai alawa ta saki baki. Tun daga ranar duk fitar da za mu yi sai na rubuta lambar wayata a takarda na sa wa kowa a aljihu, na kuma ɗauke su hoto a waya kafin mu bar gida saboda in tuna kalar kayan da ke jikinsu, don idan hankali ya tashi wallahi kalar rigar ɗanki ma sai ki manta.

Safiya ɗin da nake ta nanatawa akwai dalili. Dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta kuma ita ce uwar ruwa, sau da yawa hadari da yamma yake haɗowa, to ki yi lissafin ki dawo gida kafin la'asar, in da hali ma ku yi azahar a gida. Ga kuma auta, yaro ɗan shekara biyu da rabi awa uku ta ishe shi, in lokacin barcinsa ya wuce rigimar da zai yi miki sai ta shafe duk daɗin fitar. Ki tafi da zanin goyo ko da yana tafiya da ƙafarsa, za ki gode min.

Abinci kuwa daga gida, ba kunya a ciki. Ki dafa abin da ba ya saurin lalacewa kuma ba ya buƙatar cokali da miya, dambun shinkafa, awara, dafaffen ƙwai, wainar fulawa, ko gurasa da ƙuli. Yanzu lokacin ɗanyar gyaɗa ne da masara, ki dafa ki ƙulla wa kowa tasa a leda. Zoɓo ki haɗa tun dare ki sa a firiza in an samu wuta, da ledojin fiyawata guda shida su ma su daskare, su ne ƙanƙararki a kula su ne kuma ruwan shanku in sun narke. Kunun aya dai ki bar shi a gida, ba ya jure zafi, nan da nan yake juyawa, kar a je neman nishaɗi a dawo da gudawa. Sannan dabarar da ta fi yi min aiki, tun a gida ki ba manyan biyun ɗan canji a hannunsu ki ce wannan naku ne, abu ɗaya kowa zai saya, in ya ƙare ya ƙare. Za ki sha mamaki, yarinyar da take kukan a saya mata komai in kuɗin ya zama nata sai ta koma ƴar kasuwar Kwari, tana taya balan-balan tana cewa ya yi tsada.

Fita ta biyu ki shiga da su cikin gari. Gidan Makama yana nan dab da gidan Sarki, ginin ƙasa ne tun ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yanzu gidan tarihi ne, akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan da. Gaskiya mai shekara 7 ce za ta fi more shi, ƙananan kallo ɗaya za su yi su fara guje-guje a zaure. Daga nan sai marinar Ƙofar Mata kusa da asibitin Murtala, wadda ake lissafin tun 1498 take, ita kam duk yaro yana so, a tsoma farin ƙyalle a rami cikin ruwan baba a fito da shi yana rikiɗa ya koma shuɗi a gabansu, sai dai ki riƙe auta gam don ramukan suna da zurfi, kuma ki ɗan yi wa wanda ya zagaya da ku ihsani, sana'arsu ce. Wuri biyu ya isa, kar ki ce sai kin haɗa da kasuwar Kurmi, lungunan nan da yara uku wahala ce zalla.

Dutsen Dala ina son shi, daga samansa ana ganin birni gaba ɗaya har Goron Dutse, ga labarin Barbushe da za ki ba su kuna hawa, amma matakalar nan da goyo ba wasa ba ce kuma in an yi ruwa akwai santsi. Wannan ki bar wa Abbansu ranar Asabar ya ɗauki manyan biyu su je, ke ki samu ki miƙe ƙafa a gida, ai ke ma hutun ya kamata ya shafe ki. Dam ɗin Tiga kuwa da ake ta ɗora hotonsa, ban ba ki shawara ba, da nisa, kuɗin motar kaɗai zai lashe dubu 20 ɗin, kuma bakin ruwa a damina da yaran da ba su iya iyo ba ke kaɗai, a'a.

Maganar mota, ki nemi wata ƴar uwa ko maƙociya mai yara ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar ɗan sahu na unguwa wanda kuka sani, ku yi ciniki zuwa da dawowa tun kafin a hau, ki karɓi lambarsa. Kuɗi ya rabu biyu, idon da ke kan yara ya zama huɗu. Kuɗin dawowa kuma ki ware shi daban ki ƙulle a bakin zani ko wata zif ta jaka, da tsabar kuɗi, kar ki dogara da tiransifa netiwok ya tsaya miki a bakin titi hadari yana tasowa.

Ta ukun ma ba sai an biya ko sisi a get ba. In kuna da dangi a ƙauye na kusa, irin su Kura ko Gezawa ko Dawakin Kudu, yanzu gonaki sun yi kore shar, ki kai su su ga yadda gero yake a tsaye, su bi awaki, su ga ana tatsar nono. Ki riƙa wa mutan gidan sabulu da sukari, ku kuma ku juyo da wuri kafin sauron magariba ya fito, don watannin nan zazzaɓi ba ya wasa. Ki sa musu tsofaffin kaya da silifas, taɓo za su kwaso.