Katanga ko rufe iyaka zai hana Lakurawa shigowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan jihar Sakkwato ne, kuma maganar Lakurawa ta hana mu barci. Kullum ana ce mana baƙi ne, daga Mali da Nijar suka shigo. To in haka ne, me ya hana gwamnati ta rufe iyakar gaba ɗaya, ko ta gina katanga kamar yadda na ji wani babban soja ya ba da shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya jiƙan waɗanda aka kashe.

Shawarar da ka ji ta Janar Christopher Musa ce. Ya faɗe ta a watan Yunin 2025, lokacin yana babban hafsan tsaron ƙasa, ya kawo misali da Pakistan da Saudiyya. Ban raina maganarsa ba, don wanda yake zuwa jana'izar sojojinsa dole ya nemi mafita ta kowace kafa. Amma a nawa ganin katanga ba za ta raba mu da wannan ciwo ba, rufe iyaka kuwa mun gwada mun ga inda ya kai mu.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, daga wajajen Kamba a jihar Kebbi har Tafkin Chadi. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata ta, suka bi suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. In ka ɗebe can gabas inda kogin Komadugu Yobe ya raba ƙasashen biyu, sauran fili ne fetal, gonaki da burtali da saura. Na taɓa tsayawa a gonar wani dattijo a ƙauyen kan iyaka, ya bubbuɗe karan gero ya nuna mini wani guntun siminti da rairayi ya kusa binnewa. Ya ce kunyoyin da ke bayanmu Najeriya ne, waɗanda ke gabanmu kuma Faransi, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijar har yau. Matarsa 'yar wancan tsallaken ce, rijiyar da yake shayar da shanunsa ma tana can. Ina za a bi da katanga a gonar wannan bawan Allah?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Katsinawan da suka bar Katsina bayan jihadi su suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ɗan kabu-kabu mintuna kaɗan yake yi. Ranar Alhamis ka je kasuwar Maigatari ka ga yawan dabbobin da suka kwana a hanya daga Damagaram. A 2013 ministan cikin gida na lokacin, Abba Moro, ya ce ƙasar nan tana da mashigai 84 na hukuma, ɓarayin hanyoyin da aka gano kuma sun haura 1,400. Mafi yawan waɗannan hanyoyi ba 'yan bindiga ne suka fasa su ba, hanyoyin zuwa biki ne da ta'aziyya da cin kasuwa, sun girmi Najeriyar kanta.

Ka tuna watan Agustan 2019, da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu. Daga baya har aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafa ta yi tsada, 'yan kasuwar Jibiya da Illela suka karye, matasan da ke dako da lodi suka zauna ba aikin yi. To, su masu bindigar fa? A cikin wannan rufewar ne mutanen Sabon Birni da Isa suka riƙa tsallakawa jihar Maraɗi gudun hijira dubbai. A cikinta ne aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, ranar 11 ga Disamba 2020, saura kwana biyar a sanar da buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum. Wanda ya saba bi ta ƙofa da takardarsa a hannu shi aka tsare. Mai ɗauke da bindiga a kan babur dama ba ta ƙofar yake bi ba.

Misalan katangar ma in an duba su da kyau suna da abin da suke koyarwa. Pakistan ta fara shinge iyakarta da Afganistan, mai tsawon kusan kilomita 2,600, a 2017, ta kashe maƙudan kuɗi, sojojinta da dama suka mutu a wurin aikin. Da Taliban ta karɓi Kabul a watan Agustan 2021, hare-haren 'yan Taliban na Pakistan sai suka ƙaru, ga shinge a tsaye, domin waɗanda ke mulki a ɗaya ɓangaren ba sa tare su. Saudiyya kuwa ta shinge iyakarta da Iraƙi, kusan kilomita 900, amma hamada ce wadda babu gonaki da kasuwanni a kanta, kuma tana da kuɗin da za ta ajiye na'urori da dakarun da za su iso cikin ɗan lokaci in an taɓa wayar shingen. Kenya ce ta fi kama da mu a ƙarfin aljihu. A 2015, shekarar da aka kai harin jami'ar Garissa, ta ɗauki aikin katanga a iyakarta da Somaliya mai kusan kilomita 700, abin da aka gina bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mu zo kan Lakurawan. Abin da ya fi ci mini rai a labarinsu shi ne ba da dare suka sato hanya ba. Tun wajajen 2017 zuwa 2018 suke a dazukan Gudu da Tangaza, kuma binciken da aka yi a yankin ya nuna wasu daga cikin shugabannin al'umma ne suka yi maraba da su, saboda ɓarayin daji daga Zamfara sun addabe su, sun yi kuka ba wanda ya zo. Baƙin suka kori ɓarayi, suka ƙwato shanu, mutane suka ji sanyi. Daga nan sai wa'azi, sai karɓar zakkar dabbobi da ƙarfi, sai bulala ga wanda aka kama yana jin kiɗa, sai ba matasa kuɗi da babura. A 2018 da aka fara ƙorafi, 'yan sanda suka ce makiyaya ne masu zuwa cin rani. Sai a watan Nuwamban 2024 hedkwatar tsaro ta fito ta ambaci sunansu, a watan ne kuma suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a Kebbi, mutanen da suka bi sawun shanunsu. Kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a watan Janairun 2025. Shekara shida ke nan ko bakwai suna zaune, suna aure, suna sayen mai da abinci a kasuwanninmu. Ban ga laifin talakan da ya kama igiyar da aka miƙo masa yana cikin rijiya ba. Laifin na gwamnatin da ta bar shi a rijiyar ne.

Ka ga ke nan tsallake layin iyaka shi ne mafi sauƙi a aikinsu. Abin da ɗan bindiga baƙo ba ya iya yi shi kaɗai shi ne zama. Yana bukatar wanda zai nuna masa rijiya, wanda zai kawo masa fetur a jarka, mai gyaran babur, dillalin da zai sayar masa da shanun sata, da garin da zai yi shiru. A nan ake tare shi, ko a nan ake rasa shi.

Sai maƙwabci. Iyaka mutum biyu ke riƙe ta, kamar tabarmar da ake naɗewa, in ɗaya ya saki gefensa na ɗayan ma ya warware. Mun ga amfanin haɗin kai a 2015: sojojin Chadi suka fatattaki Boko Haram daga Gamborun Ngala a watan Fabrairu, a watan Maris kuma su da na Nijar suka ƙwato Damasak. A shekarar aka sake tsara rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, hedkwata a Njamena, sassa a Baga da Diffa da Mora da Baga Sola. A yamma ma gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi a watan Satumban 2019 suka zauna da gwamnan can kan tsaron iyaka. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai ya rusa yawancin wannan. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ta yi barazanar yaƙi, Najeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Nijar ta fice daga ECOWAS, a watan Maris 2025 kuma ta sanar da janyewa daga rundunar Tafkin Chadi. Kowa yana da ra'ayinsa kan sojojin da ke mulki a Yamai, ni ma ina da nawa. Amma kwamandan da ke Illela in ba shi da lambar takwaransa na Ƙonni, kuma ba shi da izinin bin sawun maharan da suka tsallaka, to su maharan sun san daidai inda za su tsaya su huta. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta yana Yamai. Ba sabon gini ake nema ba, a hura wa wadda ake da ita rai.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Na taɓa shiga motar haya a wata hanyar kan iyaka, direba ya canza kuɗi ƙanana ya jera su a gaban sitiyari tun daga tasha. A kowane shinge zai miƙa hannu ta taga, a ɗage masa itace mai ƙusoshi, mu wuce. Shingayen sun yi yawa har na daina ƙirgawa. Bayanmu akwai wata akori-kura lulluɓe da tamfol, ita ma haka take wucewa, ban ga wanda ya ɗaga tamfol ɗin ba ko sau ɗaya. Wataƙila albasa ce a ciki. Amma da harsashi ne, haka zai wuce. Katangar da za a gina dole a yi mata ƙofa, kuma mutum za a sa a bakin ƙofar. In ba a gyara albashinsa da wurin kwanansa ba, ba a kuma hukunta shi in ya sayar da hanya, an dai ƙara masa wurin karɓa ne.

Ban ce na'urori ba su da amfani ba. Jirgi marar matuƙi yana iya hango ayarin babura a dajin Tangaza tun kafin su iso gari. Amma hange kawai yake yi. In sansanin soja mafi kusa yana da tafiyar awa uku a hanya marar kwalta, hoton sai dai ya yi amfani wajen rubuta rahoto.

Da ni za a ba kuɗin katangar, da ƙananan hukumomin kan iyaka zan kai su: sansanoni ƙanana na dindindin kusa da mutane, hanya, rijiyar burtsatse, asibiti, da turken sadarwa, don a ƙauyuka da yawa layin Nijar ne kaɗai waya ke kamawa. A ɗauki 'ya'yan yankin aiki, su da suka san kowace tunga kuma suke gane baƙo daga harshensa. A bi sawun fetur da babura da shanun da ke shiga kara. A kuma kiyaye kada a mai da kowane Bafulatani ko kowane ɗan Nijar abin zargi, don yin haka tura su ake yi hannun masu neman mabiya.

Abin da na fi jin mutanen ƙauyukanku suna kuka da shi, Malam, shi ne sirri. Mai gari ya san ranar da baƙi suka sauka a fadama, ya san yaron da ke kai musu burodi da mai. Abin da ke hana shi magana shi ne ya ga wanda ya kai rahoto jiya, kafin ya dawo gida sunansa ya riga shi isa daji. Sojoji za su zo su yi kwana biyu su tafi, shi kuwa a garin zai kwana da iyalinsa.