Ku Tambaya Mu Amsa: In kama ɗakin baɗi tun ina cikin jirgin ruwa?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, harkar shinkafa da albasa nike yi. Ɗana da ke aiki Dubai ya biya muna ni da mahaifiyarshi tahiyar mako guda cikin irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, na kamfanin MSC, za mu tashi Dubai mu zagaya Abu Dhabi da Doha mu dawo. To wani abokinshi ya ce mai wai akwai ofis cikin jirgin da ake kama ɗakin tahiya ta gaba, wai ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma da an sauka shi ke nan garaɓasa ta wuce. Hajiya tun ba mu tafi ba ta fara cewa baɗi da ƙanwarta za mu koma. In biya can ciki ko in bari sai mun dawo gida? Kuɗin ba na tsintuwa ba ne Malam.
Alhaji, daga Jega, jihar Kebbi

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya sa shi ma nasa su yi masa fiye da haka.

Ofishin da aka gaya maka akwai shi, kusan duk manyan kamfanonin suna da shi, Royal Caribbean suna kiran nasu NextCruise, Norwegian kuma CruiseNext. Tebur ne da ma'aikaci da kwamfuta, ga takardu masu hoton teku shuɗi shar, za kuma ka tarar an saƙo maka tallarsa ta ƙarƙashin ƙofar ɗaki. Amma maganar wai ya fi arha nesa ba kusa ba, a nan abokin ɗanka ya ƙara gishiri. Galibi kuɗin ɗakin ɗaya ne da wanda za ka gani a intanet ko wajen ejan a wannan ranar. Abin da suke ƙara maka shi ne su rage kafin alƙalami, sannan su ba ka wani ɗan kuɗi na kashewa. Kuma kuɗin kashewar nan ba a hannu za a damƙa maka ba, a asusunka na jirgi ake rubuta shi, ka ci abinci na musamman da shi ko ka sayi intanet ko turare a shagonsu, ba ka sauka da ko kwabo.

Ni shawarata kada ka tsayar da rana da jirgi tun kana ciki. Wannan garaɓasar an ɗinka ta ne daidai wuyan mutumin Miami a Amurka ko Genoa a Italiya wanda zai hau mota ya isa bakin tashar jirgi, albashinsa da dala ko yuro, fasfonsa ba mai tare shi. Kai kuwa Alhaji tsakaninka da bakin ruwan nan akwai motar Jega zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, jirgin sama zuwa Abuja ko Legas, wani jirgin zuwa Dubai, ga uwa uba biza. Ba a daɗe ba fa, daga ƙarshen 2022 Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza sai Yulin 2024 aka buɗe, jirgin saman Emirates ma ya daina zuwa ƙasar nan sai 1 ga Oktoban 2024 ya dawo. Ka ɗauka wani ya biya kuɗin ɗaki ana gobe za a rufe ƙofar nan. Kamfanin jirgin ruwa ba ruwansa da an hana ka biza, a ƙa'idarsu takardun tafiya nauyinka ne, jirgi zai tashi ranar da aka sa ko kana ciki ko kana Jega. In kuma Hajiya ta ga hoton Italiya da Spain ta ce can take so, to bizar Schengen ce wannan, wato ta shiga ƙasashen Turai, ita ma ba a yin alkawari a kanta.

Sai maganar naira, wadda ba sai na koya wa ɗan kasuwa ba. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kafin alƙalamin da za ka ajiye ƙarami ne, shi ya sa yake da daɗin biya, amma cikon kuɗin ana nemansa wata biyu zuwa huɗu kafin tafiya gwargwadon kamfani, kuma da dalar wannan ranar za ka biya ba ta yau ba. In lokacin ya zo albasa ta faɗi a kasuwa ko kuɗinka duk suna cikin buhunan shanshera a sito, ka kasa cikawa, ɗakin ya tafi, kuma in irin kamun da ba a mayar da kuɗi ne ka yi to na farkon ma ya bi ruwa. Cinikin biri a sama kenan.

Akwai wani abu da mutane kan manta. Jiragen yankin Gulf, wato su Dubai da Doha, lokacin sanyi suke aiki, daga wajen Disamba zuwa Maris, da zafi ya shigo su koma Turai. Azumi kuwa yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yanzu cikin wannan tsakanin yake faɗowa, a 2025 ma 1 ga Maris aka ɗauka. Ma'aikacin teburin nan ba zai duba maka kalandar Musulunci ba, makon da ya fi arha zai nuna maka. Ga bikin 'ya'ya, ga Umara, ga girbin rani. Kuma su kansu kamfanonin suna canja hanya, a 2024 da rikicin Bahar Maliya ya yi zafi da yawansu sun soke bi ta can.

To amma ba cewa na yi ka wuce teburin ko kallo ba. Akwai kala na biyu, wanda ba ka zaɓar rana ko jirgi, kuɗi kawai kake ajiyewa su ba ka shaida, in ka shirya ka yi amfani da ita. Kamfanin Princess na karɓar dala 100 kan mutum ɗaya, na Norwegian dala 250 ne takarda guda. In kamfanin da ka hau yana da irin wannan, kuma kun yi kwanaki a ciki kun ga abin ya karɓe ku, wannan da sauƙi. Na ce kun yi kwanaki saboda ba ku taɓa hawa ba Alhaji, jirgin nan ba kwalekwalen Yawuri ba ne, bene ne hawa goma sha wani abu da dubban mutane, da kiɗa da mashaya da wurin ninƙaya, wani yana jin daɗinsa wani kwana biyu ya ƙosa ya sauka. Wani kuma jiri ke kama shi. Bari Hajiya ta ga yadda abinci yake da inda za ta yi salla tukuna. In abin bai kwanta muku ba akwai jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, abincinsa halal, ba giya, da wurin salla, ka ga da ka riga ka ɗaure kanka da wani kamfani da ka rasa wannan zaɓin.

In za ka zauna da ma'aikatan teburin nan kada ka bari sai daren ƙarshe, ranar layi ake yi kowa na sauri, a nan ake sa hannu kan abin da ba a karanta ba. Je ka a tsakiyar tafiya, ka tafi da ɗanka a waya ko wani mai jin Turanci sosai. Ka tambaye su ana mayar da kuɗin in ka fasa, kuma tsabarsa ake mayarwa ko takarda za su ba ka ta wata tafiyar? Shekara nawa kafin ta mutu? Za a iya canja rana ko a sa sunan wani, tunda ga maganar ƙanwar Hajiya? In farashi ya sauka bayan ka kama za su rage maka? Kuma farashin da suka faɗa ya haɗa da kuɗin tasha da kuɗin hidimar ma'aikata da ake cira kullum kan kowane mutum, ko sai daga baya za su fito? Duk amsar da aka ba ka da baki ka ce a nuna maka ita a rubuce, a buga maka ka riƙe.

In kana da ejan da ka yarda da shi, yawancin kamfanoni suna bari a mayar da kamun ɗakin zuwa hannunsa, amma da wa'adi, galibi kamar wata guda, sai ka faɗa musu tun a teburin. Sannan ka kira bankinka kafin ku tashi ka ji ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cira, don a cikin jirgin ba a karɓar naira, kati ne ko dala ko yuro, gara ka riƙe katin asusun dala.