Zan iya sauya farosesan laftof ɗina ba tare da batir ya riƙa saurin ƙarewa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da HP EliteBook 8470p ta hannu, mai Core i5-3320M. Ta yi nauyi sosai, kuma wani mai gyara ya ce in kawo ya sa mini i7. Damuwata batir, don ko yanzu da ƙyar yake awa ɗaya da rabi, ga wuta ba ta zama a unguwarmu. Me za ka ba ni shawara? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi sa'a, kwamfutarka tana cikin waɗanda ake iya cire musu farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta. Ta fito ne a 2012, lokacin da Intel ke yin farosesan laftof mai zama cikin gurbi: a juya noti ɗaya, a ɗaga shi, a ɗora wani. Sai dai kafin ka ba da kuɗi, ka tambayi mai gyaran wace i7 yake nufi, domin kashi biyu ne.

Akwai irin su i7-3520M, mai ƙwaya biyu (wato sassa biyu masu aiki a cikinsa), wat 35, daidai da wanda ke cikin taka. Batir ba zai ji wani bambanci ba, kai ma ba za ka ji ba. Daga gigahaz 2.6 zuwa 2.9 ne kawai, ni dai ba zan kashe ko sisi a kansa ba. Sai kuma masu ƙwaya huɗu, waɗanda lambarsu ke ƙarewa da QM. Su ne ke kawo sauri na gaske, kuma yawancinsu, kamar i7-3720QM, wat 45 ne.

Wat ɗin nan da ake rubutawa ba shi ne abin da farosesa ke sha kowane lokaci ba. Ma'auni ne na zafin da zai fitar idan an ɗora masa aiki mai nauyi. Lokacin da kake karanta PDF ko rubutu a Word, farosesan kusan barci yake, hasken sikirin ma kan fi shi jan wuta. Mu ƙaddara batirinka sabo ne mai ɗaukar wat-awa 55. Idan kwamfutar gaba ɗaya tana jan wat 11 a aiki mara nauyi, awa biyar ke nan, kuma da i5 da i7 tazarar ba ta da yawa. Amma ka buɗe AutoCAD, manhajar zanen gini da injina, ko ka fara haɗa bidiyo, jan wutar ya haura wat 40 da i5, ko 50 da mai ƙwaya huɗu, sai ka ga na farko ya kusa awa ɗaya da rabi, na biyu kuma awa ɗaya da 'yan mintuna. Gaskiya ne mai ƙwaya huɗu zai riga gama aikin, wannan kan rage asarar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zafi. Bututun tagulla da fankar da ke cikin taka zafin farosesa mai wat 35 suke ɗauka yanzu. Ka ƙara musu goma a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu ta toshe ragar iska, fanka za ta yi ta kuka, farosesan ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, zafin kuma ya tsufar da batirin da wuri. Cajar wat 65 ma kan gaza, sai ka nemi mai wat 90. Idan lallai sai ka sauya, nemi i7-3632QM: ƙwaya huɗu ne amma wat 35. Kuma ka tsaya a gabanka a goge tsohon man sanyaya da ya bushe a saman farosesan, a shafa sabo, a busa fanka.

To amma awa ɗaya da rabin da ka ambata, ina kyautata zaton batirin ne ya tsufa. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto, ka duba layuka biyu: Design Capacity (cajin da batirin ke ɗauka yana sabo) da Full Charge Capacity (wanda yake ɗauka yanzu). Idan na biyu bai kai rabin na farko ba, sabon batir kake buƙata, babu farosesan da zai gyara wannan. Nauyin kuwa, in har tsohon hadis mai juyawa ne a ciki, sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, ka kai RAM, ma'ajiyar aikin da ke gudana, gigabait 8, za ka sha mamaki, batir ma zai ɗan ƙara daɗewa. Ka kuma sani ko ka sa i7, Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, taka kuwa zubi na uku ce, kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Tambaya: Malam, tawa EliteBook 840 G3 ce mai i5-6300U. Ita ma za a iya sauya mata farosesa? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malama. Duk lambar da ta ƙare da U an liƙe farosesan ne da dalma a jikin babban allo. Zubi na huɗu, na 2013, shi ne na ƙarshe da Intel ta yi wa laftof mai gurbi. Wanda ya ce zai sauya miki, ko dai allon duka zai canza, ko ya gasa shi da injin zafi, wanda kan bar kwamfuta a mace. Farosesanki wat 15 ne, yana da tattalin batir, ki bar shi. Taki tana da gurbin RAM biyu, ki cika su, ki kuma duba rahoton batir kamar yadda na faɗa wa ɗan'uwanmu na Zariya.