Ga mai shirin zuwa Alƙahira ziyarar abokai

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kwana goma za ka yi a Alƙahira, kana tambaya ko ka sauka wajen abokanka ɗaliban Azhar ko ka kama otal, da kuma inda ya kamata ka leƙa. Na yi irin wannan tafiyar daga nan Gombe: mota zuwa Kano, daga can jirgin EgyptAir kai tsaye.

Ka sauka wajensu, amma ka san halin da ɗalibi yake ciki. Abokina da na sauka wajensa a unguwar Hayyul Ashir yake, su huɗu a gida, karo-karo suke yi su yi cefane. Kwana uku shi ke biyan kuɗin mota da na abinci, ko na zaro kuɗi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Haba, kai fa baƙo ne." A bakin abokin zamansa na ji cewa kuɗin littattafansa yake taɓawa, kuma darasi ma yana ta wuce shi saboda rakiyata. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Daga ranar na karɓi cefanen gida, na roƙe shi ya koma karatunsa, sai Juma'a mu fita tare. Kada ka jira su faɗa maka, kunya ba za ta bar su ba.

Tsaraba kuwa, ka ɗaure musu kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Daren da aka kaɗa miyar kuka, har 'yan Bauchin da ke benen sama sai da suka sauko, aka yi ta hirar gida har asuba ta kusa.

Yawo ka fara da Masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a shekarar 970 Miladiyya. Ka zauna tsakar gidansa bayan la'asar, kada ka yi sauri. Tsallaken titi ga Masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili. A nan kada ka saya a farashin farko, ka taya kamar yadda za ka yi a babbar kasuwar Gombe. Masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, jirgin ƙasa na cikin gari zai kai ka kusa da shi, ka sauka tashar Mar Girgis. Ni dai wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne kabarin Imamu Shafi'i.

Dalar Giza ka yi mata sammako kafin rana ta buɗe. Masu raƙuma za su yanyame ka, ku gama magana kan kuɗin hawa da sauka kafin ka ɗora ƙafa. In da sauran kwana, ka hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, ka ga teku ka dawo a ranar.

In a Disamba ko Janairu za ka je, ka riƙe rigar sanyi mai kauri, sanyinsu na dare ya fi hunturunmu cizo. Allah ya kai ka lafiya, ka gaida yaran.