Tambaya da Amsa: Da gaske harsashi ba ya huda rigar Carhartt?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne. Da hunturun bana na sayi wata rigar sanyi ruwan ƙasa a wajen ƴan gwanjo na babbar kasuwa, jika 8, da ɗan tambari rawaya a ƙirji an rubuta Carhartt. Ƙanena ɗan kabu-kabu ya nuna mini bidiyon wasu Turawa suna harbin irinta, ya ce ai rigar ƴan bindiga ce, harsashi ba ya cin ta. Yanzu ya matsa sai na ara masa idan zai yi hanyar Gidan Rumji. Mece ce gaskiyar magana?
Daga mai walda, Unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ara masa don sanyi in ka ga dama, amma harsashi kam yana huda ta ya wuce.

Rigarka ta leburori ce tun asali. Wani mutum mai suna Hamilton Carhartt ya kafa kamfanin a birnin Detroit na Amurka a 1889, yana ɗinka wa ma'aikatan jirgin ƙasa kayan aiki, kuma har yau zuriyarsa ke riƙe da shi. Yadin auduga ne mai kauri, dangin tamfol, an bi manyan gaɓoɓinsa da ɗinki layi uku. Magina da manoma da makanikai su ne ainihin masu ita. Ba don soja aka yi ta ba.

To me ya kai ta hannun masu bidiyon bindiga? A Amurka tsarin mulki ya ba farar hula damar mallakar bindiga, har akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su gwada makami a gaban kyamara su ɗora a YouTube. Da yawansu mutanen karkara ne, ko masu son a ɗauke su haka, rigar kuwa tana cewa "ni mai aikin ƙarfi ne" tun kafin mai ita ya buɗe baki. Akwai kuma hujjar da suke yawan kawowa: wanda ya sa wandon nan mai aljihu barkatai irin na kamfanin 5.11 mai ɗinka kayan jami'an tsaro, kowa ya gan shi ya san da ƙarfe a ƙugunsa, amma mai Carhartt sai ya saje da jama'a, a zaci kafinta ne. Ni dariya abin yake ba ni, don sun yi ta maimaita wannan dabara a gaban miliyoyin masu kallo har ta daina zama dabara. Kuma ka duba da kyau, za ka ga rigar wasunsu fes take, ko ɗigon baƙin mai babu. Su kansu suna yi wa juna gori a kan haka.

Maganar harsashi kuwa tana da tushe, shi ya sa ta ƙi mutuwa. A watan Mayun 2016 ƴan sandan birnin New York suka harbe wani mutum da ya zaro musu wuƙa, sai jaridar New York Post ta ruwaito cewa wasu daga cikin harsasan sun maƙale a rigar Carhartt da ke jikinsa. Labari ya bazu, masu bidiyo suka samu abin yi. Su rataya riga a kan wani dunƙulen abu mai kama da tsoka, su ja baya, su ɗana, sannan su matso da kyamara su zura yatsa a ramin. Bidiyon da ƙanenka ya nuna maka mai yiwuwa daga cikin irin waɗannan ne, kuma da ya daure ya kalla har ƙarshe da ya ga hudar. Mutumin New York ɗin ma ai mutuwa ya yi, rigar tana jikinsa.

Abin da yadi mai kauri yake iya yi shi ne ya toshe bakin wani nau'in harsashi mai rami a kai, wanda aka ƙera don ya buɗe idan ya shiga jiki. In ya toshe sai ya ƙi buɗewa, ya ƙara nutsawa ciki. Ka ga ke nan babu wata riba ga mai rigar. Wannan ma a ƙaramar bindiga ake maganar, ba irin wadda ƴan ta'addan dajin iyaka suke ratayawa ba. Mu da muka sha jin yadda ake ƙarewa wajen gwajin maganin bindiga, bai kamata a sake sayar mana da shi don an liƙa masa tambarin Turawa ba.

Kada ma ka ɗauka soyayya ce zalla tsakanin masu son bindigar da kamfanin. A Janairun 2022 kotun ƙolin Amurka ta dakatar da umarnin gwamnati na tilasta wa ma'aikatan manyan kamfanoni rigakafin korona ko gwajinta duk mako, amma shugaban Carhartt na lokacin, Mark Valade, ya ce nasu ma'aikatan dole su yi rigakafin. Masu ra'ayin riƙau, waɗanda cikinsu ne yawancin masu kallon bidiyon bindiga suke, suka fusata, aka yi ta kiran ƙaurace wa kayan, wasu har da ƙona nasu. Ƙurar ta lafa, ana ci gaba da sawa. Wani ƙorafin da ba ya ƙarewa shi ne ƴan gayun birni sun kwashe rigar sun sa ta yi tsada, kuma da yawa yanzu a wajen Amurka ake ɗinka su.

Kai da kake walda, ga abin da ya fi shafarka. Bayan rigar auduga ne, yana jure tartsatsi fiye da rigunan leda da suka cika gwanjo. Amma juya cikinta ka karanta ƴar takardar da ke ɗinke a gefe. Shafin ciki sau da yawa zaren roba ne, wanda yake narkewa ya manne a fata in wuta ta same shi. Waɗanda aka yi musamman don aikin wuta suna ɗauke da haruffan FR, wato mai jure wuta. In babu su a rigarka, ka riƙa ɗora walkinka na fata a kai, ka kuma zuge zif ɗin har wuya kafin ka kunna inji.