Amsa: me ya sa fim ɗin gidan aljanu ke firgita mutum haka?

Ɗan'uwa, ka ce ka sha kallon finafinan yaƙi ko gezau, amma na gidan aljanu ya hana ka barci. Ni a ganina, gida ne wurin da mutum ke sakin jiki, to sai a mai da shi wurin tsoro. Ina kuma za ka gudu?

Sannan masu shiryawa ba sa saurin nuna dodon. Dubi Paranormal Activity na 2007: kyamara ce kawai a kafe a ɗakin kwana, ƙofa ta ɗan motsa, shi ke nan. Kai da kanka za ka cike sauran. Kafin abin ya faru kuma sai su sako wani gurnani ƙasa-ƙasa, kunne bai gama kama shi ba amma gaba na faɗuwa. Gwada kashe murya ka kalla, rabin tsoron ya tafi.

Mu kuma da muka tashi da labarin aljanun tsamiya da na kango, ai tuni an share musu fage. Na taɓa kallon wani fim ɗin a unguwar Bukoki ta Yamai ana zafin Afrilu, tsakar dare wuta ta ɗauke, iska ta buga ƙyauren langa-langa. Wallahi a ɗakin ƙanena na kwana.