Ba aure ake ba ƙanwata, kuma ba Turawa ba ne

Toh ƙanwata na ga saƙonki tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Wato hoton da na turo kika gani, yarinya cikin doguwar riga kamar amarya, shine kike tambaya ina angon, kuma wai waɗanne irin Turawa ne waɗannan da ba su da fari sosai. Wallahi dariya na yi har antinki, wato matata, ta leƙo daga kicin tana tambaya ko lafiya.

Babu wani ango. Yarinyar ɗiyar yayar antinki ce, shekara 15 ta cika, su kuma 'yan asalin Meziko a wajensu wannan babban abu ne, suna ce masa quinceañera. Da safe su je coci a yi mata addu'a, da yamma a kama hol a yi ta ci da rawa, babanta ya durƙusa gaban jama'a ya cire mata takalmi mara tsini ya saka mata mai tsini, a ba ta 'yar tsana ta ƙarshe, wai daga yau ta bar yarinta. Kuɗin da ake kashewa kam ni har yanzu ban yarda da shi ba, na ga wanda ya ci bashi saboda wannan ranar. Amma yadda suke haɗa kuɗin ne zai ba ki mamaki, wannan kawun ya ɗauki kek, waccan gwaggon ta ɗauki riga, wani ya biya masu kiɗa, kowa da abin da ya ɗauka, sak gudummawar biki a Kano. Ni lemo aka ɗora min.

Maganar Turawa kuma, dan Allah kar ki faɗa gaban surukata, ba za ta ji daɗi ba. A takardun gwamnatin Amurka ana kiransu Hispanic, wato duk wanda asalinsa ƙasar da ake Sifaniyanci ce, kuma a ƙidayar 2020 sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar kenan a ƙasar nan, wajen shida cikin goma nasu 'yan asalin Meziko ne. Amma ni tun da na shiga gidan nan shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin surukata ta kira kanta da wannan sunan ba sai in za ta cike fom a asibiti. Ita 'yar Meziko ce, in kika matsa mata ta ce 'yar jihar Jalisco ce, in kika ƙara matsawa ta faɗa miki ƙauyensu. Kamar mu ne dai, ni da Bayarabe da ɗan Habasha duk an haɗa mu a buhu ɗaya an ce 'yan Afirka, alhali ni na san ɗan Fagge ne. Kuma ba launin fata ba ne, a cikinsu akwai fari tas, akwai mai kamannin mutanen da Sifaniyawa suka tarar a ƙasar, akwai baƙi kamar ni da ke musamman 'yan Dominika da Kuba da Kolombiya, sai ya buɗe baki za ki gane ba ɗan gida ba ne.

Shi kuwa surukina nasa labarin daban, haifaffen San Antonio ta nan Tekzas ne kaka da kakanni. Tekzas ɗin nan da muke zaune ƙasar Meziko ce har 1836, su Kalifoniya kuma sai 1848 bayan yaƙi suka koma hannun Amurka. In wani ya ce masa ya koma ƙasarsu sai ya ce su ba su tsallaka iyaka ba, iyaka ce ta tsallake su. Duk sanda ya faɗa sai na tuna 'yan uwan Hajiya na Maraɗi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shine haihuwar babbar 'yarmu. Ina ta tunanin yadda za mu yi ba Hajiya ba kowa, kawai sai ga surukata da akwati, ta ce ta zo kwana arba'in. Na ce nawa? Ta ce arba'in, cuarentena suke ce masa. Maijego ba fita, ba shara, ba ɗaukar abu mai nauyi, a ɗaure mata ciki, a yi ta ɗura mata farfesun kaza da wani kunun masara mai zafi da suke kira atole, kar ta taka ƙasa ba safa, kar sanyi ya shige ta. Na kira Hajiya na faɗa mata ta ce to ai waɗannan mutanen kirki ne. Inda suka saɓa kawai wanka, Hajiya ta dage sai an yi na ruwan zafi safe da yamma, surukata ta ce a garinsu tsofaffi ma hana maijego wanke kai suke, ni ne a tsakiya ina tafinta a waya, kowacce na ganin ɗayar za ta illata yarinyar. Antinki dai ta yi abin da likitarta ta ce.

Ranar da na fara zuwa gidansu aka kawo min wani jan abu a kofi da ƙanƙara, wai agua de jamaica, ina kurɓa na ce wannan ai zoɓo ne. Akwai na tsamiya ma. Matan gidan suna adashi, tanda suke kiransa, har da uwar adashi da rigimar wa zai fara kwasa. In aka yaba jariri ba a taɓa shi ba sai hankalinsu ya tashi saboda kambun baka. Sannan a yarensu akwai Larabci da yawa tun zamanin da Musulmi suka mulki Andalus daga 711 har faɗuwar Granada a 1492, sukari azúcar, shugaban gari alcalde wanda asalinsa ɗaya da alƙalinmu, kuma in za su ce Allah ya sa sai su ce ojalá, tsohuwa 'yar Katolika da carbinta tana ambaton Allah da Larabci ba ta sani ba.

Kar ki ɗauka komai daidai ne fa. Kunyar surukai babu ita. Ranar farko matar nan ta buɗe hannu za ta rungume ni, ni kuma ina ƙoƙarin durƙusawa, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu ta gane, sai ta dafa ƙirji ta ce mijo, wato ɗana. Abinci ma sai da aka yi gyara domin da kitsen alade suke haɗa wake da tamales, wani abu ne na ƙullun masara da ake naɗewa a bawon masara a turara kamar alala, lokacin Kirsimeti mata ke taruwa su wuni suna yi. Yanzu namu tukunya daban ake yi da man gyaɗa da kazar halal, kuma ita da kanta take tsaron tukunyar kar wani ya saka cokali. Ranar 1 da 2 ga Nuwamba kuma suna jera hotunan mamatansu da furanni da abincin da mamacin ke so, wannan kam mun yi magana ta fahimta, yarana ba sa zuwa ranar. Antinki ta musulunta tun kafin mu haɗu, kuma nan Houston akwai cibiyar Musulunci ta masu Sifaniyanci da aka buɗe a 2016, amma ba ta yanke zumunci ba, duk Lahadi muna can gidan, mutum ashirin da wani abu a falo ɗaya kowa na magana ba mai sauraron wani.

Kin taɓa tambayata me ya sa antinki ba ta ɗauki sunana ba, ai a Meziko mace ba ta canza suna, yaro kuma sunan gida biyu yake ɗauka, na uba sannan na uwa. Ni wannan bai dame ni ba. Abin da ke damuna shine yarana sun fi jin Sifaniyanci a kan Hausa, domin kakarsu minti goma ne tsakaninmu kuma ba ta musu Turanci ko kalma ɗaya, da gangan take yi, ta ce jikan da ba ya jin yarenta baƙo ne. Ni kuwa ina dawowa aiki a gajiye sai na zarce da Turanci. Autan ya iya cewa abuela, wato kaka, tun kafin ya iya cewa Baba. Don haka ranar Asabar in na kira ki ba Hajiya wayar, kuma ke ma kar ki yi musu wannan Turancin naki, Hausa zalla ko da za su yi ta kallonki.